Mai Kifi da Talibambam

A layin masu kifi na kasuwar Sabon Gari akwai wata mata da maƙwabtanta ke kira Mama Ayobami. Gajeriya ce, ruwa ya cinye mata yatsu. A gefen tirenta tana ajiye kifin talibambam mai rai cikin roba.

Idan ciniki ya yi sanyi, sai ta ɗaga shi ta sosa masa ciki. Nan take ya haɗiyi iska don tsoro, ya kumbura kamar ƙwallo. Mutane su taru suna dariya, har da ni, daga nan a sayi tarwaɗa.

Wata rana ana cikin wannan wasan, wani ɗan acaɓa ya taya talibambam ɗin. Ta ce, "A'a, ɗana. Akwai guba a hantarsa."

Da aka watse, ta mayar da shi ruwa. Yana yawo a sama, ciki a birkice, ya kasa nutsewa. Ina jin akwai yara a gida masu jiran cinikin nan, don ita ba ta yin dariya. Ta durƙusa tana shafa shi, tana cewa, "Yi haƙuri, yi haƙuri."

Ina tsaye riƙe da tarwaɗata, na kasa tafiya.