Maman Dinah da Siket ɗin Zamzam

Emilia 'yar Kagoro ce. Aure ya kawo ta Kafanchan lokacin da mijinta Ishmael yake aiki a tashar jirgin ƙasa. Yanzu shekararta ashirin da bakwai tana taka keken ɗinki a wani ɗan shago kusa da kasuwa. Kowa Maman Dinah yake ce mata, kuma rabin yaran firamaren unguwar da yunifom ɗinta suka girma. Tana da fara'a da yawan waƙar coci a bakin aiki, amma ba ta yarda a ce ɗinkinta ya karkace.

Wata ranar kasuwa Fatima, Bafulatanar da ke kawo mata nono, ta zo da 'yarta Zamzam mai shekara takwas a ɗinka mata yunifom. Da aka zo gwaji, sai bakin siket ya zube ta hagu. Emilia ta warware ta sake. Ya sake zubewa. Ta shimfiɗa shi a tebur ta auna, ga shi daidai.

"Maman Zamzam, siket ɗin nan ba shi da laifi," in ji ta. "Zo nan, 'yata, cire takalmi ki tsaya."

Ta ja tef daga ƙugu zuwa idon sawu, dama da hagu. Ƙafar hagu ta gaza da kusan faɗin yatsa biyu.

Fatima ta ce, "Ai gwiwa take kuka da ita tun damina, Mama. Mai ɗori ya murza har sau uku, ya ce ba targaɗe."

"To mu je a ɗauki hoton ƙashi. Ni tela ce, iyakar sanina ke nan."

Washegari ta rufe shago ta raka su asibiti. Likita ya kwantar da yarinyar, ya juya ƙafar ciki da waje, Zamzam ta yamutsa fuska. Da hoto ya fito ya ce gwiwa lafiya lau take. Kan ƙashin cinya ne, inda yake shiga ƙugu, ya yi laushi don jini ba ya isarsa sosai, kuma ciwon ƙugu a yara yakan sauko gwiwa ya ruɗi mutane. Ya tambayi wa ya gano. Aka nuna Emilia. Ya yi dariya ya ce ko za ta ara masa tef ɗin.

Aka ba Zamzam sandunan dogarawa, aka hana ta guje-guje da tsalle, aka koya wa Fatima motsa ƙafar safe da yamma. Emilia ta naɗe kan sandunan da ƙyallen atamfa mai ruwan goro don kada su goge mata hammata. 'Yan ajinsu har layi suke yi su ɗana. Bayan shekara biyu ana komawa asibiti, likita ya ce a ajiye sanda. Fatima ta kawo ƙwaryar man shanu guda, Ishmael ya yi wata yana cin tuwon acca da shi.

Tun daga nan duk yaron da ya shigo shagon sai ya cire takalmi. Ta tura yara masu gwame asibiti, da wata mai karkataccen baya, kuma an dace. Ta taɓa yin kuskure ma. Wani Wilfred ɗan shekara goma ta gani yana tafiya kafaɗa a karkace, ta tayar wa uwarsa da hankali har asibiti. Ashe tafiyar wani ɗan ƙwallo yake kwaikwayo.

Uwar ta dawo shago tana huci. Emilia ta yi dariya har da hawaye, ta ce, "Yi haƙuri, 'yar'uwa. Kawo wandonsa in ƙara masa tsawo, yaron nan girma yake yi kamar rake."