Bin Tumatir Zuwa Legas a Saman Tirela

Ni mutum ne da ba ya jure a ci da guminsa yana kallo. Duk shekara idan tumatir ya nuna muka kai kasuwar Kwanar Gafan, dillali zai leƙa kwando, ya taɓe baki, ya yanka farashin da ya ga dama, ni kuma in dawo gida ina huci, har maiɗakina ta san ranar ba a yi mini maganar cefane. A wani rani, shekarun da wayar salula ta fara shigowa ƙauyukanmu na Kura, na ce ya isa haka. Tumatirin nan Legas ake kai shi, kuma ba aljanu ne ke kai shi ba. Zan bi nawa da ƙafata.

Gonar da mahaifinmu ya bari a bakin kanal ɗin ban ruwa mun raba ta biyu ni da yayana, kowa na noma ɓangarensa. Yaya mutum ne mai sanyi, kafin ya ce to sai ka gaji da jira. Da na kai masa maganar, bai ko ɗago daga fartanyar da yake gyarawa ba.

"Kuɗin mota, kuɗin masauki, kuɗin abinci," in ji shi. "Abin da za ka zubar a hanya ai ya fi abin da dillalin ke ci."

"Yaya, ba ni sati ɗaya. Zan kawo maka tafiyar da ba ta cin kuɗi."

Na kuwa kawo. Har yau ina alfahari da shirin nan, kuma ba na jin kunyar faɗa. Na fara da mota. Kwana uku ina zama wajen mai shayin da direbobin tirela ke karyawa, ina sauraro, har na gane cewa mai kaya ba ya biyan kuɗin kansa. Idan ka biya kuɗin kwandunanka, za ka iya hawa sama ka zauna kan katakon da ake gicciyawa, kyauta, muddin bayanka zai jure. Na samu wani direba mai furfura wanda ba ya gudu, muka yi magana, ya kuma yarda in biyo shi dawowa idan ya kwaso kwandunan da aka juye.

Masauki kuma, akwai wani dattijo ɗan garinmu da ya daɗe da rumfa a kasuwar Mil Sha Biyu, inda ake sauke kayan gwari a Legas. Na samo lambarsa, na je wajen mai laima da ke ba da hayar waya. Tun daga gida na tsara maganar a kaina, na rage gaisuwa, don kada minti ɗaya ya cika. Dattijon kuwa sai da ya tambayi lafiyar rabin unguwa. Ina kallon agogo ina amsawa. A ƙarshe dai ya ce tabarma na nan, in zo.

Abinci maiɗakina ta ɗauki nauyinsa. Ta daka ƙuli-ƙuli ta haɗa da garin rogo da yaji, ta yi dakuwa cike da gwangwanin madara, ta wanke jarka ta cika da ruwa. Tana ɗaurewa tana tsokanata.

"Malam, in ka ga 'yan birni suna cin shinkafa da kaza, ka juya musu baya ka buɗe gwangwaninka."

"Shinkafar ai daga nan Kura take zuwa musu," na ce. "Me za su nuna mini?"

Da na zayyana wa Yaya komai, ya sa na maimaita masa lissafin har na fara ƙulewa. Can ya ce, "To, ka tafi da nawa tumatirin ma." Ban zaci haka ba. Ɗibar fari ta noman raninsa ke nan gaba ɗaya, abin da gidansa zai ci har damina, ya ɗora a hannun ƙanen da bai taɓa wuce Zariya ba. Na ji daɗi ƙwarai, na kuma ji tsoro, amma tsoron ban nuna shi ba. Muka yanke ranar ɗiba. Kwandunansa za a ɗaura musu shuɗin ƙyalle, nawa ja.

Akwai abin da kowa ya sani a wajenmu: tumatirin da zai yi doguwar tafiya, ana yanke masa ruwa kwanaki kafin ɗiba, don fatarsa ta yi ƙarfi, kuma ana tsinkarsa bai gama ja ba. Ni ma na sani. Sai dai ruwan kanal layi ne, kowane yanki da ranarsa, kuma ranarmu ta faɗo saura kwana biyu a yi ɗiba. Yaya ya tafi suna Bunkure. Da safe na fita duba gona, na tarar da ruwa cike da kanal yana wucewa ta bakin gonata, ruwan da na biya kuɗinsa tun farkon kaka. Na tsaya ina kallonsa yana tafiya gonar wasu. Mutumin da ya rage gaisuwa don minti ɗaya, ya zai yi da wannan? Na ce ɗan jiƙa ƙasa kawai zan yi. Na jefa tiyo uku na ja ruwa zuwa ɓangarena. Kuma gaskiya, na san tumatir in ya sha ruwa yana kumbura, kwando ya fi saurin cika. Ɗan jiƙawar nan sai da rana ta take.

Ranar ɗiba tumatirina ya fi na Yaya kyau a ido, manya-manya, suna sheƙi. Na hau saman tirela ina jin kaina.

Tafiyar ta bi shiri tiryan-tiryan. Zariya, Kaduna, Mokwa, gadar Jebba, ina zaune a sama da rawani a fuska, in yunwa ta zo in kwaɓa gari a kofi. Ko ruwan leda ban saya ba. Sai bayan mun wuce Ilori, rana ta biyu, na fara jin wani tsami-tsami yana tasowa daga ƙasana. Na ce wa kaina na wani ne, ai ba kayanmu kaɗai ke cikin motar ba.

A kasuwa dattijon ya tarbe ni da fara'a, ya tsaya ana saukewa. Masu shuɗin ƙyalle suka sauko tsaf, kamar yanzu aka tsinko su. Masu jan ƙyalle kuwa gindinsu na ɗiga. Ya sa hannu ya ɗauki ɗaya, ya matsa kaɗan, ya dube ni.

"Ɗana, wannan ya sha ruwa."

"Ya sha, Baba."

Ya mayar da tumatirin cikin kwando. Matan da ke saye suka yi rububin na Yaya, kuma farashin da suka biya ya tabbatar da duk abin da na daɗe ina faɗa a kan dillalai. Nawa sai da aka zube aka tsince, rabi ya tafi a farashin masu miyar sayarwa, saura aka kwashe zuwa bola. Da ƙyar ya mayar da kuɗin dakonsa.

A hanyar dawowa, ina zaune cikin kwanduna wofi, zuciya ta kawo mini shawara mai daɗi. Gona ɗaya ce, mota ɗaya ce. In haɗa kuɗin in raba biyu, in ce zafin hanya ne ya taɓa kayan duka. Ko a haka Yaya zai samu kusan abin da ya saba samu a Gafan, zai ma gode mini. Daga Ibadan har Kaduna ina juya maganar nan. Amma ƙullin kuɗinsa na cikin aljihun dama, nawa na hagu, kuma haka na sauka da su.

Na same shi a gona da hantsi. Na miƙa masa nasa. Ya jinjina ƙullin a hannu, ya ce, "Naka fa?"

"Nawa ya ruɓe, Yaya. Na ba shi ruwa ranar da ka tafi suna."

"Na sani. Ranar ɗiba na ga laka a ƙafar masu tsinkar ɓangarenka."

Raina ya ɓaci nan take. "Ka gani ka yi shiru? Ka bar ni na biya dako har Legas?"

"Ruwan ya riga ya shiga, faɗa ba zai fitar da shi ba. Kuma na san halinka. Da na yi magana, zuciya za ka yi ka ce ka fasa, shi ke nan babu wanda ya san hanya a gidanmu." Ya cusa ƙullin a aljihu bai ko buɗe ba. "Ɗiba ta biyu sati mai zuwa ce. Je ka nemi direbanka."

Na juya kamar ina duba kanal. Na ɗan yi nisa ya kira ni.

"Tiyoyin nan naka guda uku, ka kawo su ɗakina yau. Sai ka dawo daga Legas ka karɓa."