Ta Sauka Lafiya

A tungarmu ta bakin ruwa, kusa da Ngaski, ba a hura wuta don tatsuniya. Wutar banda ce, wadda kakata Iya Kulu ke kyafe kifi da ita bayan magariba. Mu jikoki sai mu kewaye ta, hayaƙi na sa mu hawaye, amma ba mai matsawa. Lokacin Yauri tana cikin Jihar Sakkwato, ni kuma ina 'yar ƙarama.

Tatsuniyar Iya da na fi tunawa ita ce ta wani masunci, Tanko, da matarsa mai tsohon ciki. Matar ta shiga kwalekwale za ta gidan innarta a tsallake, don ta haihu can. Da yamma Tanko ya tare mai fito, ya ce, "Ina labarin iyalina?"

"Ta sauka lafiya lau," in ji mai fito.

Tanko bai ƙara tambaya ba. Ya sayar da komarsa ta kamun kifi, ya sayi ragon suna, ya shaida wa liman da wanzami, ya ƙetara. Sai ya tarar da matar zaune tana tsince shinkafa, ciki na nan yadda ya san shi.

Muna ta dariya, Iya Kulu ta juya kifi, ta ce, "To, ƙarya mai fito ya yi?"

Muka ce a'a.

Ta ce, "Mai fito ne Tanko ya tambaya, ba ungozoma ba. Wace sauka mai fito ya sani in ba ta jirgi ba? In an yi muku magana, ku dubi mai yin ta."

Bayan shekaru, ina koyarwa a Yelwa, aka aiko mini cewa jikin Iya ya tsananta, ko barci ba ta iyawa. Na hau jirgi. Inna, mahaifiyata, ta tarye ni tun a bakin ruwa, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Inna, ya jikin Iya?"

"Ta huta, ɗiyata."

Har na buɗe baki zan ce alhamdu lillahi. Sai na dubi idon Inna, na hango tabarmi shimfiɗe a ƙofar gidanmu, maza zazzaune ba mai magana. Na durƙusa a kan yashi ina salati.

Har yau nakan tuna yadda Inna ta zaɓi kalmar da ta fi taushi, ta bar mini sauran in gane da kaina.