Ranar da Na Wanke Kwalaben Malam

Ko zan manta komai na zamanmu a Tunga, ban da ranar da na wanke kwalaben Malam. Har yau in na tuna sai gabana ya faɗi, daga baya dariya ta zo.

Lokacin Malam, maigidana, yana karatun digiri na biyu. Bayan wani garejin masu gyaran batir akwai filin da gubar dalmar batir ta kashe, ko ciyawa ba ta fitowa. Shi kuwa ya gano wasu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani suna rayuwa abinsu a ƙasar wurin, har suna kama gubar. Wata takwas yana kiwonsu a kwalabe, da fatan a gyara filin da su, kuma digirinsa kaf a kansu ya rataya. Da aka shiga yajin aiki aka rufe makaranta, sai ya kwaso su ya jera a ƙarƙashin gado, bai faɗa mini ba.

Ni kuma Allah Ya yi ni da tsabta kamar ciwo. Wata Asabar ya tafi Paiko gaida mahaifiyarsa, na sunkuya zan yi shara, sai ga kwalabe cike da gurɓataccen ruwa mai wari. Na ce wannan ƙazanta ba dai a ɗakina ba. Na tuttule su a bayan ɗaki, na wanke da sabulu da ruwan zafi, na kife a rana ina jiran yabo.

Da ya dawo ya gan su suna ƙyalli, bai yi faɗa ba. Zama ya yi a dakali ya riƙe kai. Can ya ɗago ya ce, "Ina kika zuba ruwan?"

"Ga wurin can, Malam. Bai ma bushe ba."

Da cokalin miyata ya kwashi lakar, ya zuba a wani ruwa da ya haɗa da dalma. Ya ce duk wata ƙwaya za ta mutu a ciki ban da nasa, in suna da sauran rai. Kwana shida ina leƙen kwalba. Ran na bakwai ruwan ya gurɓace, warin ya dawo. Ban taɓa murna da wari ba sai ranar. Zama na yi ina kuka ina hamdala.

Tun daga nan ba na gyara abin wani sai na tambaya. Na gane ba mugu kaɗai ke ɓarna ba, har da mai neman a yaba masa.