Gugan Tsoho Ango da Akwatin Ampul

A Takanamat na girma, a hannun kakata Inna Hajo. In sanyi ya shigo, bayan sallar isha'i, takan hura wutar kara a zaurenta, mu zagaye ta. Ba ta yarda yaro ya saurari tatsuniya hannu sake. Wani ta ba shi kaba ya tufka igiya, wata ta miƙa mata fasasshiyar ƙwarya da basilla. Ni mai kunya ne, can baya nake zama, igiyata kuma kullum sai ta warware.

"Maigidana, matso kusa," takan ce da ni. "Mijin da ba shi iya tufka, mi za ni yi da shi?"

Daga cikin tatsuniyoyinta, ta Tsoho Ango ce ba ta ba mu dariya. Wai a wani gari mai rijiya mai zurfi, shi kaɗai ya iya ɗinka gugan fata. Ɗinkinsa ko ɗigo ba ya zubarwa. Yara sukan taru suna kallo, amma duk wanda ya kai hannu sai ya kore shi, ya ce fata tsada gare ta, za su ɓata. Shekarar da ruwan sama ya ƙi, Ango ya rasu, gugan kuma ya yage. Aka buɗe ɗakinsa, ga fatu a jere, lafiyayyu, babu wadda aka taɓa hudawa. Aka rasa mai ɗinki. Dabbobi suka mutu a bakin rijiya suna jin ƙamshin ruwa.

Nan take tsayawa, ta gyara wuta. Ba ta taɓa gaya mana abin da labarin ke nufi ba. A lokacin na ɗauka Ango marowaci ne kawai.

Yanzu ina karatu a Tawa, ina kuma taimakawa a wani ɗakin karatu na unguwa ranar Laraba da yamma. An kawo musu kyautar akwati na koya wa yara haɗa wuta: pil, wato batir, wayoyi, ƙananan ampul, wato ƙwan fitila, da faifan hasken rana. Mai kula da wurin, Mushe Illa (haka muke kiran malamin boko, daga Faransanci), ya kulle shi a kabad. Mutumin kirki ne, tsoronsa kada kayan su lalace a tambaye shi. Da ƙyar na iya buɗe baki na roƙe shi ya bar yara su yi aiki da shi. Ya yarda da sharaɗi ɗaya: in wani abu ya lalace, akwatin ya koma kabad.

A ranar farko wata yarinya, Ramatu, ta haɗa ampul kai tsaye da babban pil. Ya yi haske sau ɗaya, ya mutu. Ta ɓoye hannunta cikin hijabi. Mushe Illa ya taso daga teburinsa. Abin da na iya kawai shi ne na tambaye ta, a gabansa, ko ta san dalili. Ta ce wutar ta fi ƙarfinsa, da ta sa ƙaramin pil da bai mutu ba.

Mushe Illa ya daɗe yana juya mataccen ampul ɗin a tafinsa. Sannan ya ciro wani sabo ya ajiye gabanta.

"To, gwada mu gani, ɗiyata."

A hanyar gida na tuna Ango, na ga ashe gaskiya ya faɗa: yara suna ɓata fata. Abin da bai gane ba shi ne, a cikin masu ɓatawar ne mai ɗinkin gobe yake. Inna Hajo ta rasu ban gaya mata na fahimta ba. Ramatu kuwa tana zuwa duk Laraba, kuma ita ce ke riƙe wa ƙanana waya in suna haɗawa.