Ku maido min kwanukana

Likita na kallon hoton cikina, ni ko ina goye da ɗiyata a baya. Tun da anka ce ciwon dajin hanji gare ni, na rabar da kwanukan aurena ga matan unguwarmu a Mungadi, na nemi gafarar kowa.

Nic ce, "Likita, wa za ya riƙe min yarinyar ga?"

Yac ce, "Baiwar Allah, hoton ga ya nuna ciwon bai kai hanta ba. In anka yi aiki, muna sa ran ke za ki yi mata jere."

Alhamdu lillahi! Maƙwabciyata Hajo ka rubuta min wanga, tana dariya, wai tukunyata ta zauna ɗakinta ke nan.

Jama'a, kyautar da anka yi don mutuwa, ana amso ta?