Wasiƙu Goma Sha Tara na Gwaggo Litinin

Yarinyar tana aji biyu na firamare ta fara jin sunan. Kaka ce a tsakiyar falo, waya a kunne, tana ɗaga murya kamar yadda take yi in mai kiran yana nesa: "Litinin! Ke Litinin, kina ji na kuwa?" Da ta ajiye wayar, yarinyar ta tambaya ko wace ce.

"Gwaggonki mana, ƙanwar ubanki, mai aikin banki."

"To me ya sa ake ce mata haka?"

Kaka ta yi dariya har ɗankwalinta ya zame, ta ce sai ta girma. Ta kuwa girma, ta gama sakandare, ta zama ita ce mai ajiyar hotuna da tsofaffin takardun gidan. Ta haka labarin ya iso hannunta daga baki uku: Kaka, da babanta, da Gwaggon kanta.

Gwaggo tana da shekara ashirin da huɗu wani banki ya ɗauke ta a sashen zuba jari. A makaranta ba ta taɓa wuce ta uku ba, saboda haka ta shiga da ƙarfinta. Ta sayi baƙar jaka da takalmi mai tsini, ta sanar da 'yan gida cewa nan da shekara guda kowa zai huta da hawan bas. Aikinta shi ne ta binciki kamfani, ta rubuta ko ya dace mutane su sa jarinsu a ciki ko su kama kansu. Gwajin wata shida aka ba ta. In an gamsu a tabbatar da ita, in ba a gamsu ba, ga ƙofa.

Teburinta yana bayan ƙofar ofis, kusa da injin kwafar takardu. Duk wanda ya shigo sai ya bugi kujerarta, ya ce "yi haƙuri" bai ko kalle ta ba. Shugaban sashen kuwa wani siririn mutum ne, tabarau a ƙarshen hanci, biro uku a aljihu, dukansu ja. Jan Biro ake ce masa, amma a bayan idonsa. Ba ya faɗa, ba ya yabo. Kalma biyu gare shi, yana rubuta su a gefen takarda: "Ina hujja?"

Rahotonta na farko ya dawo kamar an yanka kaza a kansa. Ranar Juma'a ce. Ta dawo gida takalmi a hannu, ta zauna ta rubuta takardar barin aiki, ta karanta wa Kaka.

Kaka tana kan keken ɗinkinta, ba ta ko tsayar da ƙafa ba. "Ta yi kyau. Amma ai an rufe ofis. Kawo in ajiye miki, Litinin da safe ki tambaye ni."

Ta jefa ta a aljihun keken, cikin zare da maɓallai. Asabar Gwaggo ta yi barci har rana ta take. Lahadi ta yi guga. Litinin ta makara, ta fita da gudu don kada bas ya bar ta, sai a hanya ta tuna da wasiƙar.

Juma'a ta gaba, wata wasiƙar. Ta gaba ma haka. Kaka ta riƙa sa musu lamba da allin tela. Yayanta, wato baban yarinyar, ya samu abin tsokana. Da ya gan ta sai ya rusuna.

"Ranki ya daɗe, manaja, yaushe ne barin aikin?"

"Litinin! Za ka gani."

"Allah ya kai mu. Motar fa? Na gaji da bas."

Kafin wata uku, har maƙwabta da sunan suke kiranta.

Ta goma sha tara ce ba ta wasa ba. Wata biyar sun cika, saura ɗaya a yanke mata hukunci. Rahoton da ta rubuta kan wani kamfanin sabulu ya dawo sau biyar. Dogo, wanda aka ɗauke su rana ɗaya, har an fara fita da shi ganawa da manyan masu jari, ita tana nan ƙofa tana bugunta. Ta ce gara ta tafi da ƙafarta kafin a nuna mata hanya. Litinin ɗin nan ta tashi da wuri, ta tsaya a gaban keken ɗinki.

"Mama, wasiƙata."

Kaka ta dube ta, ta buɗe aljihun, ta zaro ta sama. "Alkawari ne. Ga ta. Ki gaishe shi."

Jan Biro yana shan shayi ta ajiye masa. Ya karanta har ƙarshe, ya koma farko. Sai ta ga hannunsa ya tafi aljihu. Ta ce a ranta, wannan bawan Allah, har wannan ma? Ya ja layi a ƙarƙashin inda ta rubuta cewa ta gane aikin ya fi ƙarfinta, ya rubuta kalmominsa biyu a gefe.

"Yallaɓai, takardar barin aiki ce fa."

"Na gani. Ba na sa hannu a abin da ba hujja." Ya jawo rahoton sabulun, ya buɗe shafi na uku. "Wa ya rubuta nan cewa ba a yanke wa kamfani hukunci da cinikin wata shida, sai an duba daga ina ya taso?"

"Ni ce."

"Sabulu ya samu adalci. Ke kuma kin yanke wa kanki hukunci da wata biyar. Je ki kawo hujja kafin a tashi, in sa miki hannu."

Ta fita ranta a ɓace, ta rantse sai ta kawo masa hujjar da za ta rufe masa baki. Ta kwaso duk rahotanninta daga kabad, ta jera a tebur, ta shiga ƙirga jan layi ɗaya bayan ɗaya. Na farko, sittin da ɗaya. Na wata biyu, arba'in. Na sabulun da ya hana ta sakat, a dawowarsa ta biyar, huɗu ne kacal, kuma biyu daga ciki tambaya ce, ba gyara ba. Ta sake ƙirgawa ko ta yi kuskure. Ta ce ba ta taɓa jin haushin takarda irin na ranar ba, don ta zo neman shaidar kasawa, takardun suka ƙi ba ta haɗin kai.

Da aka tashi ta wuce ta gaban ofishinsa sumsum. Ya ɗago kai. "Hujjar fa?"

"Ana kan bincike, Yallaɓai."

Ta mayar wa Kaka wasiƙar da jan layinta. Kaka ta miƙa mata allura ta zura mata zare.

An tabbatar da ita a wata na shida, da takarda mai layi biyu, ba ko "sannu". Motar sai a shekara ta biyar ta zo, tsohuwa, mai tari da safe, kuma yayanta ne ya fi kowa hawa. Yau shekararta ashirin da biyu a wurin, ita ce a kujerar Jan Biro. Abu na farko da ta yi, ta sa aka ɗauke teburin nan daga bayan ƙofa.

Da idon Kaka ya yi rauni, keken ɗinkin ya koma ɗakin yarinyar, da aljihunsa da komai. Wata rana Gwaggo ta zo ta same ta tana jera wasiƙun bisa lambar alli. Ta ɗauki ta goma sha tara, ta daɗe tana kallo, sannan ta zauna a bakin gado.

"Kin ga 'yata, ƙanwarki, za ta fara aiki a kamfanin inshora wata mai zuwa, kuma halina ta ɗauko kaf. Ni ba za ta kawo mini ba, wurinki za ta zo. Don Allah kada ki ce mata uwarta mai haƙuri ce, ƙarya za ki yi. Ki nuna mata waɗannan. In ta rubuta tata, ki karɓa, ki ce ta yi kyau, ki sa a aljihun nan. Ki ce ta tambaye ki Litinin."